Katin Hajiyar Alhamis

Auta tana cikin shafa wa wata ma'aikaciyar banki man sanyi a ƙwauri aka banko ƙofar shagon, har 'yar ƙararrawar da ke rataye a samanta ta tsinko ta faɗi ƙasa.

Ta san takun. Shekara biyu tana jin sa yana hawo matakalar benen nan a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri. Yau kuwa kamar an koro shi.

"Ina take?"

Muryar Injiniya ce, mai gyaran injunan asibiti. Zuwansa na farko shagon, ƙwan injin walƙiyar cire gashi ya zo canjawa. Ya canja cikin awa ɗaya, sannan ya yi ta dawowa duba lafiyar injin da lafiyarsa ƙalau, har Yaya, mai shagon kuma yayar Auta, ta ce masa in aure yake nema ya fito fili ya faɗa, injin ya gaji da kwancewa da ɗaurewa.

Auta ta kashe injin, ta rufa wa matar tawul, ta ba ta haƙuri. Ta zare baƙin gilashin idonta ta fito.

Bai gaishe ta ba. Wani ɗan kati ya wurga kan teburin karɓar baƙi, ya zame ya tsaya daidai gaban hannunta.

Katin shagonsu ne. Babu suna a jiki, sai lamba arba'in da ɗaya da hatimi shida.

"Me kika yi wa mahaifiyata?"

Mata uku da ke jiran layi suka ɗago tare. Ɗaya ta rage ƙarar wayarta, don kada ta rasa komai.

Auta ta dubi katin, ta dube shi.

* * *

Mai lamba arba'in da ɗaya, Hajiyar Alhamis suke ce mata a shagon, don ba ta taɓa zuwa wata rana ba. Ƙarfe goma da rabi na safe, bayan kowane sati huɗu, cikin niƙabi. Ba ta ba da suna ba, ba ta ba da lambar waya ba, kuma ko a ɗakin aiki ba ta cire niƙabin. Daga ƙasa take naɗe shi zuwa hanci ta riƙe da hannu biyu, Auta ta zura mata gilashi ta rufe idanun.

Saboda haka abin da Auta ta sani na matar nan bai wuce faɗin tafin hannu ba: leɓe, haɓa, da tawadar Allah guda ɗaya a ƙasan leɓen daga hagu. Sai gashin. Baƙi, mai kauri, irin wanda ake samu bayan an shekara ashirin da wani abu ana tsige shi da hantsaki kowace safiya.

Injin walƙiya, wanda takardarsa ke kira IPL, ba aska ba ne, ba kuma magani ba. Haske yake tofawa mai ƙarfi, ƙyal ɗaya, hasken ya bi baƙin gashi ya gangara saiwa ya dafa ta. Aibinsa ɗaya ne: ba shi da hankali. Baƙi kawai yake nema, bai damu ko na gashi ne ko na fata ba. Shi ya sa matan da Auta ta mayar gida sun fi waɗanda ta yi wa aiki yawa. Wadda ta karɓa ma, sai ta ɗana mata sau ɗaya a bayan muƙamuƙi, ta ce ta tafi ta dawo bayan kwana biyu a ga yadda wurin ya kwana. Duk wata tawadar Allah kuma sai ta rufe ta da farin fensir kafin ta kunna. Yaya takan ce Auta ta fi likita sanabe.

Hajiyar Alhamis ba ta hira. In hasken ya ɗana mata kamar an ja roba an sake, sai ta ɗan zabura, Auta ta ce, "Sannu, Mama." A zuwa na huɗu ne ta shafa haɓarta ta ji sumul, hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin. Auta ta yi kamar man sanyi take gogewa.

Sati shida da suka wuce Injiniya ya kai Auta gidansu ta gaida mahaifiyarsa. Ya gaya wa uwar cewa yarinyar a fannin lafiyar fata take aiki, ita kuma ta ɗauka asibiti ake nufi.

Auta ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta gaishe ta. Da ta ɗago, ba fuskar ta fara gani ba. Tawadar ta gani, a ƙasan leɓe daga hagu.

Kofin shayin da ke hannun Hajiya ya karkace ya zube a cinyarta.

"Sannu, Mama," in ji Auta. Bakinta ne ya riga ta.

Washegari hukunci ya fito. Hajiya ta ce ba za ta haɗa zuri'a da yarinyar da sana'arta shafa cinyoyin mutane ba. Kafin sati ya zagayo ta fito masa da wadda zai aura, 'yar ƙawarta, wadda ke sayar da kayan kwalliya ta waya, kowa yana ce mata 'Yar Oda. Alhamis ta zo ta wuce, ƙarfe goma da rabi ya buga, kujerar lamba arba'in da ɗaya babu kowa.

Auta ta san dalili. Babu matar da ke son cin abinci gaban surukar da ta taɓa ƙirga mata gashin haɓa. Sati shida Injiniya yana roƙon Auta ta tuna ko ta yi wani abu ranar, ko ta ƙi cire takalmi, ko ta zauna inda bai kamata ba. Sati shida tana ce masa ba ta sani ba.

* * *

"Ke nake tambaya," in ji shi. "Fuskarta ta ƙone. Tun jiya take rufe a ɗaki. Da safe na shiga jakarta neman katin asibiti, wannan na ciro."

"Innalillahi. Ƙunar a ina? Ta yi ruwa?"

"Ni za ki tambaya?"

"Ita me ta ce?"

"Na nuna mata katin, ta juya ta fuskanci bango."

"Wato ba ta ce komai ba."

"Me za ta ce? 'Yar Oda ta ce irin ƙunar injinku ce sak."

"Au. Ta ce."

Ya matso. Idanunsa sun yi ja. Da wani ake zargi da wannan aika-aikar, da Auta ce za ta fara riƙe masa hannu.

"Tana zuwa nan ko ba ta zuwa?"

"Ba na faɗin wanda ke shiga ɗakin can."

"Uwata ce!"

"Ko tawa ce."

"Sista," haka yake kiranta, "kada ki yi mini wannan yau. I ko a'a."

"Kai ka fi kowa sanin dokar ɗakin nan. Sau nawa na tsayar da kai a waje da jakarka sai mace ta fita?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. Sannan ya faɗi abin da ya hawo bene da shi.

"Ta hana ni ke, kika rama a fuskarta."

Auta ta ji maganar ta shige ta a hankali, kamar ruwan sanyi a haƙori mai rami. Wannan mutumin ya taɓa ganinta ta mayar da mata biyar rana guda don kada fatarsu ta yi tabo. Ya yi mata tsiya a kan haka, ya ce wata rana za ta gwada shi ma a bayan kunne kafin ta aure shi.

"Maimaita," ta ce.

Bai maimaita ba. Bai kuma janye ba.

Yaya ce ta fisgo ta zuwa ɗakin ajiya ta turo ƙofa. Fayil na hannunta, ta riga ta zaro shi.

"Ga shi nan. Zuwanta na ƙarshe sati bakwai ke nan. Wace ƙuna ce ke jiran sati bakwai? Fita ki buɗe masa a gaban matan can."

"Akwai hoton haɓarta na ranar farko a ciki, Yaya."

"To sai me? Gemun nata ya fi sunan shagona? Kin ga mai jan gyalen can? Kafin azahar ta gaya wa rabin gari muna ƙona mutane."

"Ta amince da ni ta buɗe."

"Ta amince da ke! Matar da ta kira ki mai shafa cinya?" Yaya ta riƙe haɓa. "Ni dai ban san wa kika biyo ba. Ga mai kemis na ƙasa, kullum sai ya aiko gaisuwa, mutum mai hankali, da motarsa da komai. Uwarsa kuma ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta, babu mai juya maki baya. Ke kin nace wa mai sukudireba."

"Yaya, don Allah."

"Kuka za ki yi mini? Yi ki gama, sannan ki fita da fayil ɗin."

Auta ta yi kukan. Bai daɗe ba. Ta karɓi fayil ɗin, Yaya ta sauke numfashi, sai ta ga an jefa shi cikin durowa an murɗa makulli, makullin ya shige aljihun farar riga.

Ta ɗauki akwatin agajin gaggawa ta fito.

"Mu je in gan ta."

"Ba ta son ganinki."

"Na sani. Ƙuna ba ta san haka ba."

Suka shiga mota. Da ya tsaya a ƙofar gidan benen da iyayensa suke haya, ta waiwaya kujerar baya.

"Ɗauko jakar aikinka."

"Me zan yi da ita?"

"Ɗauko dai."

* * *

An ja labulen ɗakin, ana jin warin man zafi da turare. Hajiya na kwance ta fuskanci bango, ta rufe rabin fuskarta da tawul. 'Yar Oda na zaune a bakin gado tana yi mata fifita da hannu ɗaya, ɗayan na kan waya. A kujerar kusa da taga Malam ne, mahaifin Injiniya, tsohon malamin lissafi, da littafi a cinya. Irin mutanen nan ne da akan manta suna ɗaki har sai sun yi tari.

'Yar Oda ta miƙe.

"Lallai ma. Ƙarasa ta kika zo yi?"

Auta ba ta dube ta ba. Ta durƙusa ta gaida Malam, ya amsa da ka. Ta matsa bakin gado.

"Mama, ina wuni. Ya jiki?"

Kafaɗar Hajiya ta motsa. "Babana, wa ya ce ka kawo ta?"

"Umma, so nake ta faɗa a gabanki."

"Ku fita."

"Zan fita, Mama," in ji Auta. "Amma tawul ɗin nan zai manne. In ya manne, da fata zai fita. Ki bar ni in gani, minti biyu, ba zan ce komai ba."

"Anti, kada ki yarda ta taɓa ki," in ji 'Yar Oda. "Na shafa maki man goge baki, zai huce."

"Man me?"

"Man goge baki. Kowa ya san yana kashe zafi."

Auta ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta shiga banɗaki ta wanke hannu har gwiwa, ta sa safar roba, ta dawo.

Ba ƙauna ce ta sa Hajiya ta juyo ba, zafi ne. Ta saki tawul ɗin, ta runtse ido kamar yadda ta saba a wani ɗakin. Auta ta jiƙa auduga ta fara ɗaga ƙyallen a hankali.

"Sannu, Mama."

Da wurin ya fito, Injiniya ya dafa bango.

Ba ƙuna ɗaya ba ce. Ƙanana ne, masu kusurwa huɗu, a jere kamar an buga hatimi, wasu sun hau kan wasu. Goma sha uku Auta ta ƙirga. Huɗu sun yi bororo. Ɗaya ta bi ta kan tawadar Allah ɗin nan ta mayar da ita ɓawo.

Hannun Auta ya tsaya. Sau shida ta rufe tawadar nan da farin fensir.

Ta goge man a hankali, ta sanyaya wurin. Sannan ta yi magana ba tare da ta waiwaya ba.

"Injiniya, akwai ɗan ma'auninka na ƙarfe a jaka."

"Akwai."

"Wa ya ɗaura wa injina kan da nake aiki da shi?"

"Ni."

"Gilashin bakinsa, nawa ne tsawonsa?"

"Santimita biyar." Bai ko yi tunani ba. "Faɗi ɗaya da rabi."

"Akwai wani kan a shagon bayan shi?"

"Babu."

"To zo ka auna. Kada ka taɓa fatar."

Ya zo. Ya kanga ma'aunin kusa da ƙuna ta farko. Ya duba. Ya koma ta biyu. Ya koma ta uku, kamar in ya yi ta aunawa lambar za ta ji tausayinsa.

"Uku," ya ce. "Uku da ɗaya."

Ya sauke ma'aunin.

"Wannan ba injinki ba ne."

"Tun da safe ba injina ba ne."

'Yar Oda ta gyara gyale. "To ai injuna suna da yawa. Wa ya sani ko tana da wani a gida."

A nan Malam ya rufe littafinsa. Ya sa takarda a shafin da ya tsaya, ya miƙe, ya nufi durowar kaya. Ya zura hannu bayan barguna a saman, ba lalube, kamar mai ɗauko hularsa. Ya fito da wani kwali ruwan hoda da 'yar kwalbar mai, ya ajiye su a kan gado.

A jikin kwalin akwai hoton wata farar mace tana murmushi, ta kafa wani abu kamar na'urar busar da gashi a hammata. A gefe an manna takarda mai lambar wayar 'Yar Oda.

Injiniya ya buɗe. Ya ɗora ma'aunin a bakin gilashin na'urar. Uku da ɗaya, ba sai ya faɗa ba. Ya juya ta, ya ga madannin ƙarfi a kan biyar, inda ya ƙure.

"Ke kika kawo wannan?"

"Wallahi Anti cewa ta yi wata ƙawarta ce ke so!" Muryar 'Yar Oda ta haura. "Ni oda aka ba ni, na kawo. Man kuma na gyaran fata ne, kowa yana shafawa."

Auta ta ɗauki kwalbar ta karanta. Man bilicin ne. Mai sa fata ta yi laushi kamar takarda, sannan a ɗora mata wuta.

"Da safe kin san kwalin nan yana gidan," in ji Injiniya. "Kika ce mini injinsu ne."

"Cewa na yi ya yi kama! Anti, ki faɗa masa mana!"

Anti ta ƙara runtse ido. 'Yar Oda ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami inda za ta ajiye idonta ba, ta suri jakarta. Ƙarar takalminta ta daɗe tana sauka.

Injiniya ya durƙusa gaban gado.

"Umma, me ya sa? Me za ki yi da wannan abin a fuskarki? Me ya kai katin shagonsu jakarki?"

Mazan da suka iya karanta injuna sukan yi jinkiri a wajen mata. Har yanzu bai gane ba.

Hajiya ta buɗe ido ta dubi Auta. Kallon roƙo ne, kallon mai jira a yanka ta. Auta ta ci gaba da naɗe bandeji, bakinta a rufe.

Wannan shirun ne ya karya ta.

"Gashi ne da ni," in ji Hajiya. Muryar ta fito kamar ana jan ta da igiya. "A haɓa. Tun bayan haihuwarka. Shekara ashirin da tara ina tashi kafin kowa in tsige. Yarinyar nan ce ta raba ni da shi. Wata shida ina zuwa wajenta, ba ta taɓa ƙona ni ba, ba ta taɓa tambayar sunana ba. Sai ka shigo mini da ita falo." Ta fashe da kuka. "Yaya zan zauna da ita? Ta kalle ni ta san abin da ubanka ma bai sani ba? Da na daina zuwa ya fara dawowa. Na ce wannan ƙaramin zai yi. Na ga bai ji ba, na ƙara, na ƙara..."

"Da na nuna maki katin fa, Umma? Kin ji abin da na ce zan je in yi."

"Na ji."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

Ya zauna daɓas a ƙasa.

Malam ya yi gyaran murya.

"Hajiya."

Ta ja bargo za ta rufe fuska.

"Hantsakinki mai baƙin hannu, wanda ya faɗa magudanar banɗaki shekarar da yaron nan ya shiga firamare. Kika kwana biyu ba ki fito ba, kika ce haƙori ne. Rana ta uku kika same shi a bayan madubi."

Bargon ya tsaya a rabin hanya.

"Ba shi ba ne. Kasuwa na zagaya har na sami irinsa. Na yanzu shi ne na bakwai. In na ga bakinsa ya dakushe sai in canja."

"Malam..."

"Ƙwan fitilar madubin ma, ba kamfanin wuta ne ke ƙara masa haske ba. Idonki ne ya rage, na sa mai ƙarfi."

"Ka sani?" Hajiya ta yunƙura ta zauna. "Duk shekarun nan ka sani?"

"Ni fa nake kwana kusa da haɓar nan."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ga kina so ya zama naki. Na bar maki." Ya dubi bandejin, ya dubi Auta da ke durƙushe. "Na ɗauka kirki nake yi. Jiya da na ji kina kuka a banɗaki na san kwalin ne, na ce in jira ki faɗa da kanki. Ga inda jirana ya kai yarinyar mutane. Ki yafe mu, 'yata. Mu biyu muka iya shiru a gidan nan, ke kika biya."

Hajiya ta yi wani irin kuka wanda ba na ƙuna ba. Shekara ashirin da tara na tashin asuba a ɓoye, ashe mutumin da take ɓoye wa yana kwance ido biyu yana lissafin ranar da hantsaki zai dakushe.

Auta ta manna filasta ta ƙarshe, ta cire safar hannu. Hajiya ta cafko wuyan hannunta.

"Zai yi tabo?"

"Zai yi duhu tukuna. In kin yar da man can, kin guji rana, zai dushe. Wata huɗu, ko biyar. Tawadar kuma likitan fata ya gan ta gobe, ba jibi ba. Kada ki fasa bororon."

"In ya warke... za ki karɓe ni?"

"Lambarki na nan, Mama. Ba a ba kowa ba."

Hajiya ta juya ga ɗanta. "Babana, na janye maganata. Ka ji? A gaban ubanka na janye. Tashi ka mayar da ita."

Sati shida Auta tana mafarkin jin wannan magana. Ta ji ta yanzu, ta jira farin cikin ya zo. Bai zo ba. Ta rufe akwatinta, ta yi wa Malam sallama, ta fita.

* * *

A kan matakala ya cim mata, tsakanin hawa na uku da na biyu.

"Sista. Sista, don girman Allah tsaya."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kin ji abin da ta ce. An gama. Gobe ma in kin yarda su Baba su je wajen manyanki."

"Na ji."

"Na yi kuskure. Hankalina ne ya tashi, uwata ce, na ga fuskarta..."

"Ba ka ga fuskarta ba. Tawul ka gani, da kati, da bakin 'Yar Oda."

"Da kin gaya mini tun farko!"

Yanzu ta juyo. Hawaye na zuba.

"Da na gaya maka, da na zama irin matar da ka ce ni ce. Mai ɗaukar abin da aka buɗe mata a ɗaki ta yi makami da shi."

"Na yarda. Wallahi na yarda da ke."

"Da ma'auni ka yarda. Sau uku ka auna, ina kallonka. Da a ce kwalin can bakinsa biyar ne da ɗaya da rabi fa? Da yanzu ina wace?"

Mutum ne mai gaskiya, wannan ce masifarsa, ya kasa samo ƙaryar da za ta cece shi.

"Shekara biyu," ta ce. "Mata uku na zaune, ka ce na ƙona fuskar tsohuwa don in rama."

"Zan je in faɗa a gabansu. Zan bi su gida-gida."

"Ka je. Yaya za ta ji daɗi."

Ta sauka taka biyu, ta tuna wani abu.

"Ƙwan injin ya kusa ƙarewa, ƙarshen wata zai so canji. Kada ka wahalar da kanka. Za mu nemi wani mai gyaran."

Ta ji ya zauna a kan matakala. Ba ta waiwaya ba. Ta wuce ƙofar maƙwabta na hawa na biyu, wadda aka ɗan buɗe don shan iska tun da aka fara jin muryoyi.

Sai ta ji wata ƙofa a sama ta bugu da bango, da taku mai nauyi, ba takalmi.

"Hajiya, mayafinki," muryar Malam daga ciki.

"Bar shi!"

Auta ta ɗaga kai. Hajiya ce a saman matakala, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Babu niƙabi, babu tawul. Bandejin ya ɓalle ta gefe ɗaya yana reto, ƙunar a fili, ga wasu 'yan fararen gashi a ƙasan haɓa waɗanda haske bai taɓa iya gani ba. Ƙofofi biyu suka ƙara buɗewa. Hajiya ta ga idanun, ba ta sa hannu ta rufe ba.

"Ni ce mai gemun," ta ce wa benen gaba ɗaya. "Ni na ƙona kaina. Kowa ya gani ya huta." Sannan ta sauke murya. "'Yata. Shi ki bar shi a nan ya zauna, ya cancanta. Ni ki hawo ki gyara mini wannan abin, ya kwance."

Auta na tsaye, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, akwatin ya yi mata nauyi a hannu. Ƙofar fita na taka tara a ƙasanta. Tsakaninta da Hajiya kuma babu wata hanya, sai ta gefen mutumin da ke zaune a kan matakala ya rufe fuska da tafukansa.